Me ya sa aka ƙone Jan Hus, amma Martin Luta ya mutu a kan gadonsa?

Ɗan Wusasa: Jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Ga wata tambaya ina so masana tarihinmu su warware mini. A 1415 aka ƙone Jan Hus, malamin coci daga birnin Prag, a garin Konstanz, alhali an ba shi takardar aman cewa ya zo ya kare kansa, ba abin da zai same shi. Laifinsa shi ne ya soki sayar da takardun gafara, ya kuma ce Littafi Mai Tsarki yana gaba da maganar Fafaroma. A 1517 Martin Luta ya taso a Jamus da kusan waɗannan maganganu, har ya fi Hus kaifin baki, amma ya yi aure, ya haifi 'ya'ya 6, ya mutu a kan gado a 1546 a garin da aka haife shi. Me ya bambanta su? A coci amsar da ake ba mu ita ce lokacin Allah ne ya yi. Na yarda, amma ta wace hanya?

Alhajin Kwari: Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, amma duk rigimar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ka bi sawun kuɗi. Sarakunan Jamus sun gaji da ganin dukiyar ƙasarsu tana tafiya Rum, ga gonaki da gidajen 'yan zuhudu jibge a hannun coci. Luta ya kawo musu hujja, suka ƙwace. Hus bai samu masu cin riba a bayansa ba. Magana ta ƙare.

Malam Mai Alli: Alhaji, ba ta ƙare ba tukuna. Hus yana da jama'a. Bayan ƙone shi ɗaruruwan masu sarauta na ƙasar Bohemiya suka sa hatiminsu a takardar ƙorafi, kuma daga 1419 zuwa 1434 mabiyansa suka yi ta yaƙi, suna fatattakar rundunonin da Fafaroma ya turo. Abin da ya kashe shi shi ne ya bar gida ya shiga hannun masu shari'a, kuma Sarki Sigismund da ya ba shi aman ya zare hannunsa.

Amma kuɗi kam akwai su a ciki, har sun fi yadda kake zato. Akwai wani ɗan sarauta, Albrecht na gidan Brandenburg, wanda bai cika shekara 25 ba ya haɗa kujerun bishop uku a hannunsa: Magdeburg, Halberstadt, da Mainz a 1514. Dokar coci ta hana haka, sai dai a biya Rum ta ɗauke kai. Ya ciyo bashi wurin gidan Fugger, manyan masu banki na Augsburg. Don ya biya, aka yi yarjejeniya da Fafaroma Leo na 10: a sayar da takardun gafara a yankunansa, rabi ya tafi ginin cocin Bitrus a Rum, rabi ya tafi biyan bashi. Talakan da ya jefa kwabonsa a akwati bai san da wannan ba, Luta ma a lokacin bai sani ba. Kuma abin dariyar, wasiƙar da ya rubuta ranar 31 ga Oktoba 1517 tare da batutuwansa 95, wannan Albrecht ɗin ya aika wa, yana kai ƙarar masu wa'azi wurin wanda ya aike su.

Baba Katikis: Malam, na gode da ka faɗi tarihi yadda yake, amma a gyara kalma ɗaya don yaranmu da ke karantawa. Coci ba ta taɓa koyar da cewa ana sayen gafarar zunubi ba. Gafara tana zuwa ne bayan tuba da furta zunubi gaban fada. Abin da takardar ke ragewa shi ne horon da ya saura bayan an gafarta, a nan duniya ko a wurin tsarkakewa bayan mutuwa. Masu wa'azi irin su Tetzel ne suka wuce gona da iri, suna sa mutane su ɗauka da zarar kuɗi ya faɗa akwati ran mamacinsu ya fita. Babban taron cocin Katolika na Trent ya tsawata a kan haka a 1563, Fafaroma Pius na 5 ya hana haɗa takardun da kuɗi a 1567.

Ɗan Numan: Baba, shekara 50 cif bayan maganar Luta ke nan. Da an yi haka a 1518 da wataƙila yau ni da kai muna coci ɗaya.

Baba Katikis: Ɗana, da batun takardu kaɗai ne da an sasanta. A muhawarar Leipzig ta 1519 malamin Katolika Johann Eck ya matse Luta har ya ce Fafaroma na iya kuskure, babban taron coci ma na iya kuskure, kuma wasu maganganun Hus daidai ne. Daga nan ba gyara ake yi ba, gida ake rushewa.

Autar Gida: Don Allah iyayena ku koma kan tambayar. Shi wannan Luta wa ya tsaya masa? Don na ga an ce Fafaroma ya kore shi daga coci a Janairun 1521, sarki kuma ya halatta jininsa a shekarar.

Malam Mai Alli: Auta, mutum ɗaya ne: Firedirik, sarkin Saksoni, wanda ake wa laƙabi da Mai Hikima. Kuma a nan ne maganar Alhaji ke tuntuɓe. Firedirik cikakken Bakatolike ne irin na da. Ya tara kayan tsarkaka, ƙasusuwa da ƙyallaye da makamantansu, sama da 19,000 a cocin fadarsa a Wittenberg, mutane na zuwa ziyara suna ba da sadaka. Koyarwar Luta wannan kasuwa ta kashe. Duk da haka ya ƙi miƙa shi. Shi ya kafa jami'ar Wittenberg a 1502, Luta kuwa shi ne malamin da ya fito da sunanta, kuma yana ganin bai kamata a ɗauki Bajamushe a kai shi Italiya a yanke masa hukunci ba tare da an saurare shi ba. Da Rum ta kira Luta a 1518, Firedirik ya sa aka mayar da zaman Augsburg.

To me ya sa Fafaroma bai murɗe masa hannu ba? Saboda sarautar daular Jamus zaɓe ake yi, masu zaɓen mutum 7 ne, Firedirik na cikinsu. Sarki Maximilian ya rasu a Janairun 1519. Fafaroma ba ya son jikansa Karl ya hau, domin Karl ya riga ya riƙe Sifen da kudancin Italiya, in ya ƙara da Jamus ya sa Rum a tsakiya. Sai aka shiga lallashin Firedirik, har da kyautar furen zinariya, aka jingine shari'ar Luta. Karl ɗin dai ya ci, da bashin gidan Fugger. Kafin a dawo kan Luta a tsakiyar 1520 tuni zance ya gama ƙasa.

Alhajin Kwari: Malam, ka ce maganata ta yi tuntuɓe, amma sau biyu ke nan kana kiran sunan Fugger.

Malam Mai Alli: Alhaji, Fugger Katolika ne, kuma Katolika suka zauna. Kuɗinsu ya kunna wutar, ba shi ya ceci Luta ba.

Ɗan Numan: Ina jin ku kuna ta sarki da banki, kamar shi mutumin gunki ne aka ajiye. Wannan mutum ne da ya shiga zuhudu a 1505 yana tsoron hukuncin Allah, yana azumi yana furta zunubi har mai sauraronsa ya gaji, bai samu natsuwa ba sai da ya zauna a kan Romawa 1:17, cewa mai adalci ta wurin bangaskiya zai rayu. Abin da ya riƙe ke nan: ceto kyauta ne, ba a saye, ba a kuma biya da aiki. A Worms, cikin Afrilun 1521, yana tsaye gaban Karl da dukan manyan daula, an jera littattafansa a tebur, kalma ɗaya ake nema, ya janye. Ya san abin da ya sami Hus da irin wannan takardar aman. Ya nemi kwana ɗaya, ya dawo ya ce ba zai janye ba sai an nuna masa kuskurensa daga Nassi ko da hujja bayyananna. Firedirik na iya ɓoye mutum a fadar Wartburg, kamar yadda ya ɓoye Luta bayan Worms, amma ba shi ya sa masa wannan amsa a baki ba. Kuma 'yan zuhudu biyu da aka ƙone a Brussels a 1523 saboda koyarwarsa, wace gona suka ci?

Autar Gida: Yaya, ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne saurin abin. Ba rediyo, ba waya.

Malam Mai Alli: Akwai injin ɗab'i, wanda Hus bai gani ba. Gutenberg ya fara aiki da shi a Mainz wajajen 1450, kafin zamanin Luta kuwa garuruwan Jamus da dama suna da maɗaba'a. Luta ya gane abin da abokan hamayyarsa suka makara ba su gane ba. Su suna rubuta manyan littattafai da Latin don malamai, shi yana rubuta 'yan ƙananan takardu da Jamusanci, masu arha, waɗanda maɗaba'a za ta gama cikin kwana biyu ta sayar. Littafinsa na 1520 zuwa ga masu sarautar Jamus an buga 4,000 a karon farko, suka ƙare nan da nan. A ɓoyensa na Wartburg ya fassara Sabon Alkawari cikin kusan mako 11, ya fito a Satumbar 1522, a Disamba aka sake bugawa. Yawancin mutane ba su iya karatu ba, amma mutum ɗaya na karantawa a kasuwa ko mashaya goma na saurare, ga zane-zanen Lucas Cranach na zolayar Fafaroma da ba sa bukatar karatu, ga waƙoƙi. Kuma Jamus a lokacin ba ƙasa ɗaya ba ce, masarautu ne da birane masu cin gashin kansu barkatai. In an hana bugawa a nan, sai a buga a garin gaba.

Ɗan Birni: Kai, wannan ai Izalar Turawa ce kawai. A koma ga Littafi, a bar bidi'a, a bar bin kaburbura.

Shugaban Zaure: Ɗan Birni, a yi hattara. Dokar zaure ba a jawo ƙungiyoyin gida cikin irin wannan zance, mun san inda yake kai mu.

Malam Mai Alli: Ko ba doka ma kwatancen ba ya tafiya nisa. Rigimar Luta da wata hukuma ce guda mai shugaba ɗaya, mai kotuna da haraji da filaye, wadda ta ce ceto ta hannun limamanta yake bi. Musulunci ba shi da wannan. Amma in kana son inda Musulmi suka shigo labarin, akwai, kuma babba ne. Karl ya bar Jamus bayan Worms, bai sake taka ta ba sai 1530. Yana fama da Faransa a Italiya, ga Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ya murƙushe Hangari a Mohacs a 1526, ya zo ya yi wa Biyana ƙawanya a 1529. Duk lokacin da Karl ya ɗaga hannu zai bugi sarakunan da suka bi Luta, sai ya tuna yana bukatar sojojinsu da kuɗinsu a gabas. A 1532 a Nuremberg ya yarda a tsagaita da su don su taimaka a tare Turkawa. Bai samu sukunin yaƙarsu ba sai 1546, ya ci su a Muhlberg a 1547, lokacin Luta na kabari, yara tsara guda kuma sun riga sun tashi cikin sabuwar koyarwa.

Alhajin Kwari: Ashe Sultan ne ya yi wa Luta gadi bai sani ba. To ya gode masa?

Malam Mai Alli: Ina! Ya ɗauki Turkawa bulalar Allah ce a kan Kiristocin da suka lalace, ya yi rubutu masu zafi a kan Musulunci. Sai dai da hukumar birnin Basel ta kama mai maɗaba'ar da ke buga fassarar Alƙur'ani da Latin, Luta ne ya rubuta musu ya ce a sake shi a bar littafin ya fita, har ya yi masa gabatarwa, ya fito a 1543. Ba don ƙauna ba, don a karanta a yi raddi ne. A wannan shekarar kuma ya rubuta mummunan littafi a kan Yahudawa, yana cewa a ƙone majami'unsu. Cocin Lutheran na yau sun yi tir da shi.

Maman Rifkatu: Tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba. Ɗan Wusasa, ƙanena, tambayarka tana ɗauka kamar bayan 1517 an daina kashe irin su Hus. Ba a daina ba. Wanda yake da sarki ya tsira, wanda ba shi da sarki ya mutu, kuma wani lokaci 'yan gyaran ne da kansu suka kashe shi.

A Zurik, garin Zwingli mai gyaran coci na ƙasar Switzerland, wasu almajiransa suka karanta Littafin da aka ce kowa ya karanta, suka ce ba su ga inda aka yi wa jariri baftisma ba, sai wanda ya ba da gaskiya da bakinsa. A Janairun 1527 hukumar garin, wadda ta riga ta rabu da Fafaroma, ta ɗaure Felix Manz ta jefa shi kogin Limmat. A taron Speyer na 1529, wurin da sarakunan Luta suka miƙe suka ce ba a tilasta wa lamiri, a wannan taron aka zartar da hukuncin kisa kan masu sake baftisma, ba su hana ba. A Holan a 1569 wani mai sake baftisma mai suna Dirk Willems ya tsere daga kurkuku, mai bin sa ya rufta cikin ruwan ƙanƙara, Dirk ya juyo ya ciro shi, aka kama Dirk ɗin aka ƙone. Mu 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wannan tarihin bai yi mana nisa ba. Cocin 'Yan'uwa ta fara ne a 1708 a ƙauyen Schwarzenau na Jamus da mutum 8 da suka yi baftisma a kogi, suna bin sawun waɗancan mutane, kuma jikokinsu ne suka zo Garkida a 1923. Don haka in ana bikin 31 ga Oktoba ina taya ku murna, amma da ido ɗaya.

Ɗan Numan: Mama, gaskiyarki. Shi ya sa a 2010 a Stuttgart ƙungiyar Lutheran ta duniya ta nemi gafarar Menonawa, jikokin masu sake baftisma, a bainar jama'a. Amma a tuna da Munster. A 1534 masu sake baftisma suka ƙwace garin, shugabansu ya naɗa kansa sarki, ya tara mata, ya kashe masu musu. Tsoron da hukumomi ke ji ba na banza ba ne.

Maman Rifkatu: Manz ya mutu shekara 7 kafin Munster, kuma bai taɓa ɗaukar takobi ba.

Baba Katikis: Abin da nake faɗa ke nan tun farko. Ka cire Fafaroma ɗaya, kowane sarki ya zama fafaroma a garinsa. Luta da Zwingli sun zauna a Marburg a 1529, sun yarda a kan batu 14, na 15 kan Jibin Ubangiji ya gagara, suka rabu. Kalbin, mai gyaran coci a Janeba, ya sa hannu aka kama Servetus, aka ƙone shi a 1553. Shi kuwa mai tambayar tamu, cocinsa ta Anglika ai daga neman sakin mata ta fito.

Ɗan Wusasa: Baba, na san za ka iso nan. Ban musa ba, Henri na 8, sarkin Ingila, ɗa namiji yake nema, Fafaroma kuma ba zai raba auren ba don matar gwaggon Karl ce, sojojin Karl kuwa sun wawashe Rum a 1527. Henri bai ma taɓa zama mabiyin Luta ba, littafi ya rubuta a kansa a 1521 har Fafaroma ya ba shi lambar yabo. A rana ɗaya cikin Yulin 1540 ya sa aka ƙone 'yan gyara 3 aka kuma rataye Katolika 3. Amma mutane irin su Cranmer, babban bishop na Canterbury, sun shiga ta ƙofar da ya buɗe, suka ba jama'a littafin addu'a da harshensu a 1549, kuma Cranmer ya biya da ransa a wuta a 1556 zamanin Sarauniya Maryamu. Wannan ɗabi'a ta a ba kowa Littafi da harshen uwarsa ita ta bi ta hannun su Dokta Miller har aka samu Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Alhajin Kwari: Shi Henri ya rufe gidajen zuhudu tsakanin 1536 da 1540 ya sayar da filayen ko bai sayar ba? Sarkin Suwidin a 1527 ya kwashe dukiyar coci ko bai kwashe ba? Ku dai ce Alhaji ya yi gaskiya mu wuce.

Malam Mai Alli: A waɗannan biyu ka yi gaskiya. Ka ƙara da shugaban mayaƙan Tutonik da ya mayar da ƙasar Prusiya gadon gidansa a 1525. Amma abin da Mama ta taɓo ya fi damuna. Sulhun Augsburg na 1555 bai ba talaka 'yancin zaɓen addini ba, sarki ya ba. Sarki ya zaɓi Katolika ko Lutheran, talaka ya bi ko ya sayar da kayansa ya yi ƙaura. Mabiya Kalbin ma ba a sa su ciki ba sai 1648, bayan yaƙin shekara 30. Ku dubi masarautar Palatinet: Lutheran a 1556, ta koma ta Kalbin a zamanin sarkin da ya biyo, ta dawo Lutheran a 1576, ta sake komawa ta Kalbin a 1583. Duk sauyi sai a kori fastoci da malaman jami'a a kawo wasu. Manomin da ke ƙauye ba wanda ya tambaye shi.

Maman Rifkatu: Sun taɓa magana ai, a 1525, kuma ba wanda ya ambace su a zauren nan. Manoma suka rubuta buƙatu 12 a Memmingen. Na farko, a bar kowane ƙauye ya zaɓi fastonsa. Suka ce a daina riƙe su kamar bayi tun da Almasihu ya fanshi kowa da jininsa, a bar su su kama kifi su yi itace a daji. Har suka ce in an nuna musu daga Nassi cewa wata buƙata ba daidai ba ce za su janye ta. Wannan ba ita ce maganar Luta a Worms ba? Ɗan Numan, me ya ce musu?

Ɗan Numan: Da farko ya tsawata wa sarakuna, ya ce zaluncinsu ne ya jawo. Da aka fara ƙone fadoji da kashe mutane sai ya rubuta wata takarda yana cewa a sare su a soke su kamar mahaukacin kare. Takardar ta bazu daidai lokacin da aka yi wa mutanen Thomas Muntzer, faston da ya jagoranci manoma, kisan kiyashi a Frankenhausen cikin watan Mayu, dubbai a yini ɗaya. Ana ƙiyasta waɗanda suka mutu a yaƙin duka sun kai wajen 100,000. Abokansa ma sun ce ya yi tsanani. Daga baya ya faɗa wa masu cin abinci a teburinsa cewa jinin manoman yana wuyansa, amma ya mayar da shi ga Allah da ya umarce shi ya yi magana.

Maman Rifkatu: Firedirik ya rasu a farkon watan Mayun nan, kafin Frankenhausen. A kan gadon ciwo ya rubuta wa ƙanensa cewa wataƙila an ba talakawan dalilin tayarwa, a nemi sulhu. Bakatoliken mai tara ƙasusuwa ne ya faɗi haka, ba mai fassara Sabon Alkawari ba.